Farautar Talotalon Daji a Duwatsun Amurka

Talotalon da ake kiwo a gida asalinsa tsuntsun daji ne na nahiyar Amurka. Mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa tun kafin zuwan Turawa, sa'an nan ƴan Sifen suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya bazu cikin duniya. Ɗan'uwansa na daji kuwa yana nan a dazuzzukan ƙasar Amurka. Bai da jiki kamar na gida, amma yana da gudu, yana tashi sama, kuma a kan itace yake kwana. Ana farautarsa musamman a watannin Afrilu da Mayu, wato lokacin da sanyi ya ja baya, itatuwa suka fara toho. Masu fassara sukan kira wannan lokaci bazara, sai dai kada sunan ya ruɗi mai karatu: babu zafi irin na bazarar ƙasar Hausa, hasali ma a kan duwatsu maharbi yakan fita da asuba yana rawar ɗari.

Abin da ya sa aka zaɓi wannan lokaci shi ne, shi ne lokacin barbara. Da gari ya fara wayewa, namiji yakan yi kuka mai ƙarfi tun yana kan reshe, don ya sanar da mata inda yake. Idan ya sauko ƙasa sai ya buɗe wutsiya, ya saki fikafikai suna jan ƙasa, yana kai da kawowa. A al'adar wannan tsuntsu, mace ce take zuwa wurin namiji. To, a nan wahalar farautar take, domin maharbi yana so ya juya al'adar. Zai ɓuya ya kwaikwayi muryar mace, har namijin ya ƙosa da jira ya taso da kansa ya zo nemanta. Sau da yawa namijin yakan amsa kira, ya taho, sa'an nan ya tsaya nesa da inda harsashi zai kai, yana ta buɗe wutsiya yana jiran mace ta ƙaraso kamar yadda ya saba. Idan ba ta fito ba, ya juya ya yi tafiyarsa.

Kayan kiran iri-iri ne. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi, wanda ake goga murfin a bakin akwatin ya ba da ƙara. Akwai allon dutse da ake karta da ɗan tsinke. Akwai kuma wata siririyar roba da ake ɗorawa a ganɗa a hura iska, wadda ta fi wuyar koyo amma tana barin hannu biyu a kan bindiga. Kafin a fara kira, wasu sukan kwaikwayi kukan mujiya ko na hankaka, domin namiji yakan amsa duk wata ƙara ta ba-zata a wannan lokaci, da haka sai ya tona inda ya kwana. Wanda ya san maharban ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya su kusanci namun daji zai gane dabarar. Bambancin shi ne, mai burtu yana yaudarar ido yana matsawa, mai farautar talotalo yana yaudarar kunne yana zaune.

Zaman nan dole ne. Talotalon daji ba ya jin wari sosai, amma idonsa yana rarrabe launi, kuma ko ɗan motsin hannu ba ya wuce shi. Saboda haka maharbi yakan sa tufafi masu launin ganye da ɓawon itace, ya rufe fuska da hannu, ya jingina da gindin itacen da ya fi kafaɗunsa faɗi. Itacen yana ɓoye shi, yana kuma kare bayansa daga harbin wani maharbin, tun da mai kwaikwayon tsuntsu yana iya jawo mutum maimakon tsuntsu. Don haka ne ma ake gargaɗin kada a sa ja ko fari ko shuɗi, launukan kan namijin ke nan. Yawanci da bindigar harbin tsuntsaye ake yi, a auna kai da wuya, daga nisan da bai wuce kamar mita 35 ba.

Ƙasa mai duwatsu tana ƙara wa aikin nauyi. A duwatsun Afalashiya na gabashin Amurka, waɗanda suka ratsa jihohi irin su Pensilbaniya da Bajiniya ta Yamma da Tenesi, tudu da kwari ne ke bin juna, duk daji ya rufe su. Maharbi yakan hau doron tudu cikin duhu, domin daga sama ne ake jin kuka daga kwari biyu ko uku. Amma amsa-kuwwa takan yaudare shi: tsuntsun da ya juya baya sai a ji kamar yana nesa, wanda yake ƙetaren kwazazzabo sai a ji kamar yana kusa. Tsofaffin maharban yankin suna da ƙa'ida, cewa a zauna sama da tsuntsu ko daidai da shi, don ya fi yarda ya hau tudu zuwa ga kira a kan ya gangara, kuma rafi ko shinge kaɗai ya isa ya tsayar da shi. Ƙa'idar ba kullum take cika ba, amma wanda ya raina ta yakan koma gida da gajiya kawai.

Wannan farauta ta kusa zama labari. Sare dazuzzuka da harbi ba iyaka sun sa tsuntsun ya ɓace daga jihohi da dama, har a wajen 1930 ya rage ƙalilan, mafi yawa a lungunan duwatsu da fadamun da ke da wuyar shiga. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don aikin kula da namun daji. Da farko an yi ta sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona, amma suka kasa rayuwa, don ba su koyi zaman daji daga uwa ba. Abin da ya yi nasara shi ne wata raga da ake cillawa da albarushi ta rufe garke yana cin hatsi. An fara kama talotalo da ita a Karolina ta Kudu a 1951. Daga nan aka riƙa kwasar na daji ana kai su inda suka ƙare. A farkon shekarun 2000 an ƙiyasta yawansu ya kai kusan miliyan 7, ana kuma farautarsu a jihohi 49, ban da Alaska.

Dokar wannan lokaci ta yarda a harbi mai gemu kawai, wato mai tuntun gashin nan da ke rataye a ƙirji, wanda galibi namiji ne. Hujjar ita ce, namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa, kuma ba ruwansa da kwanci ko renon ƴan tsaki. Mace takan yi ƙwai 10 zuwa 12 a ƙasa, ta yi kwanci kwana 28. Idan an riga an yi barbara, rashin wasu maza ba zai rage ƙyanƙyasa ba. Sai dai hujjar ta rataya ne a kan wannan "idan". In an buɗe farauta da wuri, manyan mazan da mata suka zaɓa su ne suka fi kuka, su ne kuma ake fara kashewa.

Bayan shekarun 2000 yawan tsuntsun ya ragu a jihohi da dama, musamman na kudu maso gabas, inda ƴan tsakin da ke rayuwa suka yi ƙaranci. Masana suna danganta abin da lalacewar wuraren yin sheƙa, da namun da ke shan ƙwai, wasu kuma suna ƙarawa da saurin buɗe farauta. Jihar Jojiya ta jinkirta ranar buɗewa a 2022, ta rage abin da mutum zai harba daga uku zuwa biyu. Tenesi ma ta yi haka a 2023, ta ɗage ranar da mako biyu. Wasu maharba sun yi gunaguni, domin makonnin farko ne kuka ya fi yawa, kuma a kan duwatsu, da zarar ganye ya cika daji, jin tsuntsu daga nesa yakan yi wuya.