Manhajar kyauta: Wa zai biya kuɗin ƙarin da muke so?

Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya tuna gobarar babbar kasuwar Treichville ta 1997 ya san abin da wuta ke yi wa littafin bashi. Shi ya sa a unguwar Arras da kasuwannin Adjamé da ke Abijan, da yawa daga cikinmu suka koma rubuta bashi da lissafin kaya a waya ko kwamfuta.

Abin da ke riƙe wannan lissafi a ciki shi ake kira rumbun adana bayanai. Wasu daga cikin manyan rumbunan kyauta ne, kowa na iya ɗauka, ya duba yadda aka gina su, ya gyara. SQLite, wanda Richard Hipp ya fara a Amurka a 2000, yana cikin wayoyin Android da iPhone, kuma a cikinsa WhatsApp ke ajiye saƙonninmu. PostgreSQL kuwa ya samo asali ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986.

To amma masu wannan aiki su ma suna da iyali. Idan ana son sabon abu, dole wani ya biya. Kamfanin Fujitsu na Japan ne ya ɗauki nauyin wasu sababbin abubuwan da suka fito a PostgreSQL 8.0 a 2005, daga nan kowa ya amfana. A ƙarshen 2007 aka kafa ƙungiyar masu tallafa wa SQLite, inda Mozilla da Symbian suka zama na farko, suna biyan kuɗi don aikin ya ɗore. A 2013 wani matashi a Ingila, Andrew Godwin, ya nemi fam 2,500 daga jama'a don ƙara wa Django hanyar sauya tsarin rumbu ba tare da an ɓarar da abin da ke ciki ba. Ya sami kusan fam 18,000.

Akwai kuma darasi. Kamfanin Sun ya sayi MySQL a 2008 kan kusan dala biliyan 1 ta Amurka, sannan Oracle ya haɗiye Sun a 2010. Da yake tushen manhajar a buɗe yake, Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire ta, ya ɗauke shi ya kafa MariaDB a 2009, masu amfani ba su rasa mafita ba.

Ina ruwanmu da wannan? Ɗan kasuwar da ke lodi a Adjamé ya sauke a Maraɗi, Jibiya ko Illela yana lissafi da sefa da naira a lokaci guda. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana hawa da sauka. A bakinmu dala sefa 5 ce, jika a Maraɗi sefa 1,000, jaka a Kano kuwa naira 200. Wanda bai zauna a kasuwa ba ba zai san da wannan ba, balle ya sa shi a manhajar da ke bisa rumbun. Haka batun aiki inda babu intanet, da jera sunaye masu ɓ, ɗ da ƙ daidai.

Mun saba da adashi. Ƙungiyoyinmu na iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararren matashi ya yi ƙarin, bisa sharaɗi uku: a biya kashi-kashi bayan an gwada aikin a shago, a saki abin da ya rubuta ga kowa, don kada ya riƙe mu a hannu, a kuma ware kuɗin gyara na gaba.

Wasu za su ce wanda bai zuba ba ma zai ci. Gaskiya ne. Haka rijiyar unguwa take, kuma wannan bai taɓa hana a haƙa ta ba. Allah Ya sa mu dace.