BABI NA UKU: KAYAN HAƊIN BURODI DA SINADARAN DA AKE ƘARA MASA A JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayanin kayan da ake haɗa burodi da su, da sinadaran da wasu masu gidajen burodi ke ƙarawa. An ɗauki garuruwan uku tare ne saboda kusancinsu. Jega ita ce cibiyar kasuwancin yankin, Aliero tana gefen hanyar Sakkwato, Maiyama kuwa tana kan hanyar da ta nufi Koko da Yawuri. Burodin da aka gasa a gari ɗaya yakan kwana a teburin mai shayi a wani garin, saboda haka matsalar ɗaya ce.

3.1 Kayan Haɗi na Asali

Kayan da burodi ke buƙata ba su da yawa: fulawa da ruwa da yis da gishiri da suga, sai bota ko mai. Daga cikinsu fulawa ce uwa. A cikin alkama akwai wani sinadari mai danƙo da masana ke kira gulutin. Idan aka kwaɓa fulawa aka murza ta, shi ne ke miƙewa kamar roba ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, sai ƙullu ya tashi. Fulawar da gulutin ɗinta ke da ƙarfi takan ba da burodi mai tsayi da laushi. Wadda ba ta da ƙarfi, ko ta sha damshi a ajiya, ko aka gauraya ta da wani gari don rage tsada, burodinta yakan fito a daƙushe.

Akasarin alkamar da ake niƙa fulawar burodi da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita. Gwamnatin Janar Babangida ta taɓa hana shigo da ita a 1987, amma bayan 'yan shekaru aka janye dokar. Ke nan duk lokacin da darajar Naira ta faɗi, buhun fulawa yakan tashi, mai gidan burodi kuwa yana tsoron ƙara kuɗi kada abokin gasarsa ya kwashe masa masu saye.

3.2 Ƙari a Abincin Bahaushe

Sanya wa abinci wani abu don ya gyara shi ba baƙon al'amari ba ne ga Bahaushe. Mata na sa kanwa da kuka a ɗanwake don ya yi danƙo, suna jiƙa tsamiya don kunu, kuma ƙullun funkaso sai an bar shi ya tashi kafin a soya. Sai dai duk waɗannan harshe na iya yi musu hukunci. Idan kanwa ta yi yawa, yaro ma zai gane daga lomar farko. Wannan ita ce kariyar da aka rasa a sinadaran zamani.

3.3 Buromet

Sinadarin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne fotasiyam buromet, wani farin gari marar wari. Aikinsa shi ne ƙarfafa gulutin, ta yadda ƙullu zai riƙe iska fiye da ƙima. Da shi fulawa mai rauni takan ba da burodi ƙato, fari, mai laushi, kuma ɗan kaɗan ya isa buhu guda.

A ƙa'ida, idan an sa shi daidai gwargwado, aka kuma gasa burodin da zafi mai ƙarfi har ya nuna sosai, buromet yakan rikiɗe ya koma wani sinadari marar illa. Matsalar tana cikin waɗannan sharuɗɗa biyu. Awon da ake bukata ƙanƙane ne ƙwarai, ba na cokali ko tafin hannu ba. Tandar itace kuma, irin wadda ƙananan gidajen burodi suka fi amfani da ita, zafinta ba ya zama ɗaya a kowane lungu. In an haɗa da tsadar itace da gaggawar masu sari da ke jira a ƙofa, ba abin mamaki ba ne a fid da burodi bai gama nuna ba, ragowar sinadarin kuwa tana cikinsa.

Tun a farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan suka nuna cewa buromet na haddasa ciwon daji a ƙodar ɓeraye. A 1992 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bai dace a sa shi a fulawa ba. Ingila ta haramta shi a 1990, Kanada a 1994, Sin a 2005, Indiya a 2016. A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta tsananta yaƙi da shi a zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, kuma haramcin na nan har yau. Abin lura shi ne akwai madadinsa da doka ta yarda da shi, wato bitamin C, wanda ke ƙarfafa ƙullu ba tare da wannan haɗari ba.

3.4 Sauran Sinadarai

Sakarin ya ninka suga zaƙi kimanin sau 300, shi ya sa wasu ke komawa gare shi idan suga ya yi tsada. A 2024 NAFDAC ta gargaɗi masu gidajen burodi a kansa. Shi dai harshe na iya kama shi, domin yakan bar ɗaci-ɗaci a baki. Akwai kuma maganin fumfuna, wanda aka halatta bisa awo. Haka nan doka ta wajabta wa kamfanonin niƙa su ƙara bitamin A a fulawa tun 2002. Wato ba kowane ƙari ne abin gudu ba.

3.5 Ma'aunin Mai Saye

A ra'ayin mai wannan bincike, a nan ne gizo ke saƙar. Mai saye a tasha ko kasuwa yakan duba girman burodi, sa'annan ya matsa shi da yatsu ya ji laushinsa. Waɗannan alamomi biyu su ne ainihin abin da buromet ke samarwa. Ashe ke nan mai gidan burodin da ya bi doka, wanda burodinsa ya fi ƙanƙanta amma ya fi nauyi, shi ne ma'aunin kasuwa ke kayarwa. Nauyi a hannu ya fi girma a ido zama shaidar yawan fulawa, ko da yake shi ma ba hujja ba ce yankakkiya.

Abin da ya rage wa mai saye shi ne duba leda: sunan gidan burodin, da adireshinsa, da lambar rajistar NAFDAC. Rubutun da ke cewa babu buromet, mai gidan ne ya buga abinsa, ba hukuma ba. Tabbatar da shi sai a ɗakin gwaje-gwaje, irin na sashen kimiyyar sinadarai a jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da aka kafa a Aliero a 2006.