Manyan Baburan Tafiya Da Maganar Shokazobar Baya

A 'yan shekarun nan, duk wanda ke bin manyan hanyoyinmu a ƙarshen mako ya kan ci karo da ayarin manyan babura, masu su sanye da kwalkwali da rigunan fata, an ɗaure akwatuna dama da hagu. Da yawansu likitoci ne da lauyoyi da ma'aikatan banki waɗanda suka mayar da doguwar tafiya a kan babur abin sha'awa. A shekarar 2022 ma wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan har Legas a kan babur ƙirar Honda domin wayar da kai a kan cutar shan inna. Ni dai ban ga aibun wannan sha'awa ba, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ke damuna shi ne inda masu baburan ke zuba kuɗinsu. Mutum zai sayi salansa mai ƙarar tashin unguwa, ya ƙara fitilu da kayan ado, amma bai taɓa sunkuyawa ya dubi shokazobar baya ba, alhali ita ke ɗauke da shi da matarsa da kayansu.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa abin da muke kira shokazoba abubuwa biyu ne aka haɗa. Na farko shi ne sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyi. Na biyu kuwa bututu ne cike da mai, da fistin a cikinsa mai ƙananan kafofi. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ya lanƙwashe, to da shi kaɗai ne sai babur ya yi ta tsalle kamar ƙwallo. Man da ake tilasta wa bi ta waɗannan kafofi shi ke rage wa sifirin garaje, ya mayar da ƙarfin dukan ya zama zafi. Amfanin wannan haɗi ya wuce jin daɗin zama, domin aikinsa na asali shi ne riƙe taya a manne da kwalta. Tayar da ta yi sama ko da na ƙiftawar ido ne, babu birkin da zai kama ta, kuma ba ta jin umarnin matuƙi a kwana.

Masu ƙera babura sun daɗe suna fama da wannan matsala. Tun a 1928 wani Bature ɗan Ingila, Philip Vincent, ya yi rajistar wata dabara ta sanya tayar baya ta riƙa lilo a kan sifirin. A 1953 injiniyan Faransa, de Carbon, ya fito da shokazoba mai matsattsiyar iska a ciki, wadda ke hana mai yin kumfa. Kamfanin Yamaha ya gwada shokazoba ɗaya tilo a gasar tseren ƙasa a 1973, ya kuwa ci kambun duniya da ita, daga nan dabarar ta bazu zuwa baburan titi. A 1976 Kenth Öhlin ya kafa kamfanin Öhlins a Suwidin, wanda har yau ake buga misali da kayansa. Zuwa 2004 BMW ta kai ga matuƙi na iya daidaita shokazobarsa da danna maɓalli kawai. Wannan doguwar hanya da aka biyo ta isa ta nuna mana cewa lamarin ba na wasa ba ne a wurin waɗanda suka san sirrin babur.

To, in har kamfanoni sun ci gaba haka, me zai sa mutum ya sauya wadda babur ya zo da ita? Dalili na farko shi ne, kamfani yana auna sifirin ne da matsakaicin mutum da matsakaicin titi. Babur irin Gold Wing na Honda mai akwatuna ya haura kilo 370 shi kaɗai, sai a ɗora masa magidanci da uwargida da tsarabar gida. Na biyu, ba kowane babur aka bai wa tayarsa tazarar motsi mai yawa ba. Tayar bayan BMW R1250GS tana iya yin sama da ƙasa har milimita 200, amma Street Glide na Harley-Davidson, wanda aka ƙera domin shimfiɗaɗɗun titunan Amurka, sai a 2024 aka ƙara masa zuwa inci 3, wato kimanin milimita 76. Wanda ya ɗora irin wannan babur a kan gargada, duk dukan da shokazoba ta kasa shanyewa ƙashin bayansa ne zai karɓa. Na uku, akasarin manyan baburan da ke shigo mana na hannu ne, man cikin shokazobarsu ya riga ya tsufa. Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda ke tsinka mai ya rage masa ƙarfin riƙo bayan an yi awoyi ana tafiya.

Alamomin gajiyarta a fili suke. Babur zai riƙa lilo sau biyu ko uku bayan an haye tudu, ko a ji ƙarfe ya daki ƙarfe a rami, ko a ga danshin mai a jikin sandarta. Idan an yi goyo, bayan babur ya kan zauna ƙasa, gaba ya yi sauƙi, fitila ta koma haska rassan bishiyoyi da idanun direbobin da ke tahowa. A wannan hali babur na buɗewa a kwana, ya nufi hannun da ba nasa ba. Duk wanda ya san yadda tireloli ke cin hanya a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi.

Shawarata ita ce kada a fara da saye, a fara da awo. A ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga tsakiyar tayar zuwa wani wuri da aka yi wa alama a saitinta a sama. Sannan a sauke shi, matuƙi ya hau da kayan tafiyarsa, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Bambancin da ke tsakani ya kamata ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar motsin tayar. Idan tazarar milimita 120 ce, sai a nemi nutsewar milimita 35 zuwa 40. Ana cim ma haka ta hanyar murɗa zoben da ke matse sifirin, ko wani ɗan murfi da ake juyawa da hannu. A nan ne kanikawa da yawa ke kuskure, suna zaton matse zoben yana ƙara wa sifirin tauri, alhali ɗaga bayan babur kawai yake yi. Idan an murɗe shi har ƙarshe amma babur bai daina nutsewa ba, to sifirin ya yi wa nauyinka laushi, sai an nemi wanda ya fi shi ƙarfi.

Idan ta kama sai an sayi sabuwa, akwai abubuwan dubawa. A faɗa wa mai sayarwa gaskiyar nauyinka da na mai goyo da na kaya, domin kamfanonin kirki da wannan lissafi suke zaɓar sifirin. A nemi wadda ake iya daidaita saurin dawowarta bayan ta lanƙwashe, saboda in ta cika sauri sai ta riƙa cilla mutum sama, in kuma ta cika nawa sai ta kasa miƙewa kafin rami na gaba. Wadda ke da ɗan tulu a gefe ta fi jure zafi, domin ta fi ɗaukar mai kuma ta ware shi daga iskar naitirojin. A fifita wadda ake iya kwancewa a sauya mata mai da roba, maimakon wadda ake yarwa in ta mutu. A babur mai shokazoba biyu, tare ake sauya su. Haka nan a kiyayi wadda tsawonta ya saɓa wa na asali, domin tana sauya yadda babur ke shan kwana da yadda yake tsayuwa a kan jak. Ta bogi kuwa, mai launin zinari da sunan babban kamfani a jiki, araha ce wadda ba ta ado.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa ta ƙwarai tana da tsada ba, musamman yadda darajar naira ta faɗi tun 2023. Haka kuma babu shokazobar da za ta gyara tayar da ta suɗe ko ta rasa iska, ko ta halatta wa mutum ɗora abin da ya wuce nauyin da kamfani ya rubuta a littafin babur. Sai dai idan aka kwatanta kuɗinta da na jinyar ƙugu, ko na karayar da za ta kwantar da magidanci wata shida, lissafin ba mai wahala ba ne. Mahayan dawakinmu na da ba sa fita sai sun gyara sirdi sun ja majayi, ko da kuwa doki ya sha ado. Ina kira ga ƙungiyoyin masu manyan babura da su mayar da wannan awo sharaɗi kafin ayari ya tashi, su kuma ɗauki nauyin horar da kanikawa biyu ko uku a kan wannan fanni, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kai kowa gida lafiya.