Yis Ɗin Burodi Da Maganin Ciwon Sukari

Yis ɗin da masu gashin burodi a Dogon Dutsi da Tibiri suke zubawa cikin kwaɓin fulawa halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya riskarta, alhali kuwa Allah Ya sanya mata tsarin fitar da furotin irin wanda ke cikin jikin ɗan Adam. Ƙwayar takan ƙunshe furotin cikin ƴan jakunkuna, ta miƙa su zango zango, kamar yadda fatake ke yi da kaya, har su isa bangonta su juye waje.

Malam Randy Schekman na Jami'ar Kalifoniya, shi da ɗalibinsa Peter Novick, suka nemo yis mai naƙasa a ƙwayoyin gadonsa, wanda idan zafi ya kai daraja 37 sai jakunkunan su taru cikinsa, su rasa mafita; ta wannan hanya, a 1980, suka tabbatar da ƙwayoyin gado 23 masu hukunta wannan safara, aka kira su SEC. Daga bisani James Rothman ya ware furotin NSF daga ƙwayoyin dabbobi, sai ga shi daidai da na SEC18, ɗaya daga cikin waɗancan ƙwayoyin gado na yis, hujja bayyananna cewa ƙa'idar ɗaya ce. A 2013 aka ba Schekman da Rothman kyautar Nobel, tare da Thomas Südhof.

Fa'idar, a ganina, ba ƙarama ba ce ga Arewa: kamfanin Novo Nordisk yakan dasa wa yis ƙwayar gadon insulin, yis ya fitar da shi, a tace, ya zama allurar masu ciwon sukari.