Ƙurar katako: a shirya hanyar tiyo kafin a sayi inji

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi ko na Damagaram ya san ƙarar zarto mai kuran. Kafintoci da yawa sun maida zauren gida atiliye, suna aiki da katakon iroko da samba da ake shigowa da shi daga ƙasashen bakin teku. Da maraice yaro ya ɗauki tsintsiya ya share garin katako, maigida ya ce an gama. Amma mai karatu, abin da tsintsiya ke kwashewa ba shi ne mugun ba. Mugun shi ne lallausar ƙurar da ido bai gani, wadda ke yawo cikin iska sa'o'i bayan an kashe inji, ta tsallaka katanga ta sauka inda mata ke daka, yara na wasa.

A shekarar 1995, cibiyar binciken ciwon kansa ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci. Likitoci sun san iroko da samba suna tada asma. A Faransa doka ta hana ƙurar ta wuce miligaram 1 cikin mita-kubik na iskar wurin aiki. Mu da hunturu ya riga ya cika ma ƙirji da ƙura, ai mun fi kowa bukatar kiyayewa.

Maganin shi ne a zuƙe ƙurar tun a bakin inji, a bi da ita ta tiyo zuwa waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sayen injin zuƙa, sannan a nemo masa duk tiyon da aka samu. Kamata ya yi a fara da takarda da alƙalami: a zana ɗakin, a sa kowane inji a wurinsa, wanda ya fi zubar da gari, kamar injin fere katako, a matso da shi kusa da injin zuƙa.

Sai batun faɗin tiyo. Don kada gari ya kwanta a ciki ya toshe hanya, ana son iska ta yi gudun wajen mita 20 cikin sakan guda. A wannan gudu, tiyo mai faɗin santimita 10 na ɗaukar iska kimanin mita-kubik 565 a awa, mai santimita 15 kuma kusan 1.270. Ke nan ƙarin santimita 5 kawai ya ninka iskar fiye da sau biyu. Amma in aka haɗa babban tiyo da ƙaramin inji, iska za ta yi sanyin gudu, gari ya taru. Saboda haka sai an duba yawan iskar da aka rubuta a jikin inji kafin a je wurin maƙeri.

Kowace kwana tana cin ƙarfin iska. Babban tiyo ya zama gajere kuma miƙaƙƙe. Inda dole a juya, a yi kwana biyu masu digiri 45 maimakon guda mai 90, kuma reshe ya shiga babban tiyo a karkace, yana bin inda iska ta nufa. Tiyon roba mai lanƙwasa, saboda zobban da ke cikinsa, yana tare iska ƙwarai, don haka a sa guntu kaɗai a bakin inji. Kowane reshe a yi masa ƴar ƙofar rufewa, ta yadda duk ƙarfin zai koma ga injin da ake aiki da shi. A toshe mahaɗai da kyau, gama iskar da ta shiga ta huda asara ce.

Maƙeranmu da ke naɗa kwano su yi bututu suna iya wannan aiki, har da mazurarin da ake ɗorawa bisa tano, inda iska ke juyawa, manyan ɓarɓashi su faɗa ƙasa kafin su kai ga fanka. Tiyon ƙarfe ya fi na roba aminci wajen gobara. Ko kusa kada a zuƙi tartsatsin injin wasa ƙarfe ta wannan hanya, domin busasshen gari bai jinkirin kama wuta.

Abu na ƙarshe shi ne inda iskar za ta fita. Buhun yadi na tare babban gari, ya saki lallausar ƙurar nan da muke gudu. In babu matata mai kyau, a ajiye injin zuƙa a waje cikin rumfa, bakinsa na kallon inda ba tsakar gida ba ne, ba kuma tagar maƙwabci ba. Wajen goge katako da zazzage tano, har yanzu sai an rufe hanci da abin rufewa na gaske, ba ƙyalle ba.

Kafinta na lissafin kuɗin zarto da na kuran, ya manta da na ƙirjinsa da na almajiran da iyaye suka damƙa masa amana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah shi ba mu lafiya da sana'a mai albarka.