Yadda Laima Ke Cin Rufin Ramin Kwal

Ko da yake ba a haƙar kwal a ƙasar Daura, bai kamata mu jahilci sha'aninsa ba, domin jiragen ƙasan da suka yi shekara da shekaru suna kwasar gyaɗar Arewa daga Kano zuwa Ikko, da kwal ɗin Inugu suke tafiya a wancan zamani, wanda aka gano a Udi a 1909, mutane kuwa suka riƙa kutsawa ƙarƙashin duwatsu suna fito da shi.

Galibin abin da ke bisa kan mahaƙi a irin waɗannan ramuka wani dutse ne mai falle-falle, wanda asalinsa laka ce da ta kwanta a gindin ruwa tun zamanin da ba mai ƙididdige shi sai Mahalicci, nauyin ƙasa ya danne ta har ta sandare. Amma duk da haka ba ta bar ɗabi'arta ta asali ba, wato ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Wanda ya ga yadda gindin kududdufi yake tsattsagewa da rani a Zango ko Mai'aduwa ya riga ya fahimci rabin mas'alar.

Abin al'ajabi, iskar da ake turawa cikin rami da manyan fankoki don mahaƙa su shaƙa, ita ce ke kawo illar. Idan damina ta kama, iska mai ɗumi da laima takan shiga ta tarar da dutse mai sanyi, sai raɓa ta kwanta a rufin, lakar ta tsotse ta. Idan kuma hunturu ya busa, busasshiyar iska ta zuƙe wannan danshi, fallayen su rabu, tsaga ta buɗe wa laimar baɗi hanya zuwa can ciki. Sauyin nan na kai-da-komo shi ne musibar, ya fi dawwamammen danshi ɓarna, kuma ya fi tsanani kusa da mashigar iska. A Amurka an daɗe da lura cewa ruftawar rufi takan yawaita a watannin zafi da laima.

Saboda haka masana sukan bar ɗan kaurin kwal manne da rufin ya zama sutura, ko su fesa masa siminti, ko su bi da iskar ta tsofaffin ramuka ta sauke laimarta tukuna. Kusoshin ƙarfe da ake kafa wa rufin kaɗai ba su wadatar ba, domin dutsen yakan marmashe a tsakaninsu, sai an haɗa da ragar waya.