Maki ɗaya ya raba dariya da kuka a gasar zari-ruga ta duniya

Har yanzu masoya ƙwallon zari-ruga na tuna gasar cin kofin duniya ta 2023 a Faransa, inda Afirka ta Kudu ta ci wasanninta uku na ƙarshe da ratar maki ɗaya tak. Ta doke Faransa 29-28, Ingila 16-15, sannan New Zealand 12-11 a wasan ƙarshe.

Handré Pollard, wanda rauni ya hana a fara gasar da shi, shi ya ci wa ƙasarsa duka maki 12 a ranar. Kyaftin Siya Kolisi kuma ya ɗaga kofin karo na biyu a jere.

New Zealand kuwa ta sha takaici. An bai wa kyaftin ɗinta Sam Cane jan kati kafin hutun rabin lokaci, kuma ana dab da tashi Jordie Barrett ya ɓarar da bugun da zai iya ba su kofin.

Shi ma tauraron Faransa Antoine Dupont ya yi gaggawar dawowa bayan tiyatar ƙashin fuska, amma aka yi waje da su a zagayen kwata fainal a gaban magoya bayansu.